Goɗiyar da Aka Hana Sukuwa

Tun da na dawo daga Masar bakina bai huta ba. Mai zuwa sayen abaya sai ta gyara zama ta ce, "Rabi, ba mu labari," har waɗanda ba su yi mini Allah-ya-kiyaye ba da zan tafi. Wasu so suke su ji ko na ga gawar Fir'auna. Wasu kuwa tsegumi ne ya kawo su, don sun ji ƙishin-ƙishin ɗin cewa ƙanena Laminu, da aka tura karatun addini, an same shi yana tseren keken doki. To, na gaji da maimaitawa. Ga shi nan na rubuta, mai tambaya ta karanta, ta bar ni in ji da kasuwata.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba, sarin kayan ma fakewa na yi da shi. Laminu ya gama karatunsa a Alƙahira tuntuni. Abokan tafiyarsa duk sun dawo, wasu har limanci suke yi, shi kuwa kullum "sai bayan Salla." Ga Innarmu idonta yana ta rufewa. Likita ya ce ba irin yanar nan ba ce da ake cirewa, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma tafiya yake. Rannan na same ta a tsakar gida ta kai waya har kan hancinta tana neman fuskarsa a hoto. Ta ce, "Rabi, muryarsa kam ina ji. Fuskar nake so, tun ina iya rarrabe ta da ta wani." Na ce, "Inna, in dai da rai, ba zan sake tako Maraɗi ba sai da shi." Duk wanda ya san ni kuwa ya san ban iya janye magana ba.

Motar Kano na shiga, don a can zan hau jirgi. Direbanmu irin masu gaisawa da kowane shinge ne, ya san sunan kowa har da na 'ya'yansu, amma hakan bai hana a sauke mu a iyaka ba. Wani jami'i mai furfura ya juya fasfo ɗina ya ce, "Hajiya, Masar kuma? Asibiti ko sari?" Na ce, "Kamo ƙanena zan je yi." Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau, sannan ya ce, "Allah ya ba ki sa'a. In kin iya, ki dawo ki koya mini, nawa yana Libiya." Ya buga hatimi ya miƙo mini, dariyar ta riga ta bar fuskarsa.

A jirgi wata tsohuwa 'yar Haɗejiya da za a kai aikin gwiwa ta kama hannuna tun kafin mu tashi, ba ta sake shi ba sai da muka sauka. Da hannun hagu na ci abincinsu, Allah ya yafe mini. A filin jirgin Alƙahira kuma daddawar da Inna ta ɗaura wa Laminu ce ta so ja mini. Mai binciken kaya ya kwance ƙullin, ya ja da baya kamar an mare shi, ya kira abokinsa, shi ma ya sansana ya kira wani. Ni ba Larabci, su ba Hausa. Ƙarshe na ɓantari kaɗan na jefa a baki na tauna ina kallonsu ido cikin ido. Babbansu ya ɗaga hannu sama ya ce, "Khalas, khalas, ya Hagga," wato shi ke nan, in kwashe kayana in ba su wuri.

Na fito ina baza ido in ga Laminu, sai ga wani siririn malami da farar jallabiya yana ce mini, "Sannu da zuwa, Yaya. Ni ne Sa'idu, abokin Laminu. Wani uzuri ne ya riƙe shi." Na ce, "Uzurin da ya fi 'yar'uwarsa da ta ƙetaro ƙasa biyu?" Ya ce, "Ma'alish, Yaya," wato in yi haƙuri. Wannan ma'alish ɗin, in kin je Masar za ki ci ta ki ƙoshi. Mota ta taka ki ma'alish, an zuba miki shayi a zane ma'alish.

Gidan Malam Sa'idu na sauka, a Darrasa, tsohuwar unguwar da ke jikin babban masallacin nan da jami'ar, inda ɗalibanmu suka fi yawa. Bene ne mai tsawon tsiya, su kuma can ƙololuwa suke, ba na'urar hawa. Da na isa sama sai da na zauna a matakala na yi salati. Matarsa Hadiza, 'yar Zinder ce mai fara'a, ita ta nuna mini dabarar matan garin: ba mai sauka sayen gurasa. Kwando ake zurarawa da igiya ta taga, mai shago ya zuba, a jawo. Na ce da a Maraɗi ne, kafin kwandon ya iso sama an yi masa zakka hawa-hawa.

Abincinsu kuwa, wake da safe, wake da rana. Sai wani da suke ji da shi wai koshari, shinkafa da taliya da wake duk a kwano ɗaya, kamar an tara ragowar tukwanen gidan biki. Na zuba masa yajin da na zo da shi ya shiga hankalinsa.

Kwana da kwanaki Laminu sai waya: gobe zan zo, Yaya, jibi zan zo. Na shiga kasuwar Ataba na yi sarina, inda ɗan kasuwa zai rantse miki da 'ya'yansa cewa faɗuwa zai yi, sannan ya biyo ki har bakin titi ya sallama. Malam Sa'idu kuwa duk tambayar da na yi masa sai ya jawo mini aya a kan haƙuri. Da ya fita masallaci na tsare Hadiza a madafa. Ta leƙa ƙofa ta ce, "Yaya, don Allah kar ki ce ni na faɗa. Yana Giza, wajen masu dawaki. Shi ke tuƙa musu a tsere."

Ban yi mamakin da ya kamata in yi ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da amalanken doki ya ciyar da mu, kuma ba a yin sukuwa a Maraɗi ba ya bakin fili. Laminu a barga ya yi rarrafe. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma dai ba don wannan aka sayar da gona aka tura shi ba.

Da safe na ce wa Malam Sa'idu ko ya kai ni, ko in tafi ni kaɗai in ɓata, alhakina a wuyansa. Muka shiga jirgin ƙasan nan mai bi ta ƙarƙashin gari. Ya nuna mini taragon mata, na shiga, ashe ban ji inda ya ce in sauka ba. Na wuce tasha, na dawo, na same shi yana zufa kamar wanda ya ɓatar da amanar marayu. Daga nan ƙaramar bas, daga nan adaidaita, har muka shiga wasu lunguna masu warin kashin doki da ɗanyar ciyawa. Dalar Fir'auna tana nan tsaye a bayan gidaje, ko kallo na biyu ban yi mata ba.

Na sami Laminu tsugune yana shafa ƙafar wata jar goɗiya. Ya yi baƙi, ya bushe, gemun malantar ya koma ƙura. Ya ɗago ya gan ni, ya miƙe a hankali ya ce, "Yaya." Duk faɗan da na haddace tun daga Kano sai ya ɓace mini, don muryar Baba na ji sak. Amma na daure, na ce, "Ashe nan ce jami'ar."

Mai bargar wani dattijo ne, Ammu Sabri, mai ƙaton gashin baki da ƙafa ɗaya da ta ɗan karkace. Ya sa aka kawo kujera da shayi, ya hana a yi magana sai na sha. Sannan ya shiga ba ni tarihi, Malam Sa'idu yana fassarawa. Wai kakansa keken doki yake ja da baƙi a bakin Nilu, ubansa kuma shi ya fara fita tseren Juma'a tun ana yi da kekunan dakon kaya. Ya lissafo mini matuƙan da, wane ya karye a kwana kaza, wane bai taɓa ɗaga bulala ba har ya mutu. Ya lissafo uwar goɗiyar nan da kakarta kamar mai neman mata aure. Sunanta Warda. Ya ce matuƙa sun yi ta gwada ta suna kasawa, don zuciya gare ta, sai da wannan Bahaushen ya zo sayen madara a lungun, ya tsaya yana yi mata magana ta taga. Ya dafa kafaɗar Laminu ya ce, "Hannunsa alhariri ne, ya Hagga. Ni ban haifi namiji ba."

Na ce a gaya masa wadda ta haifi yaron tana can tana makancewa.

Laminu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yaya, ba ƙin zuwa nake yi ba. Iƙamata ta ƙare tun da na gama karatu." Iƙama ita ce takardar izinin zama. "In na fita yanzu, ƙofar ta rufe ke nan, ba lalle in sake shigowa ba. Akwai wani mai dawaki babba da ya ce in Warda ta ci Ra'ad ranar Juma'a zai ɗauke ni aiki ya gyara mini takardu. Kafin shekara in zo gida in koma yadda nake so."

"Idon Inna zai jira shekara?"

Sai ya jawo wata 'yar keke mai ƙafa biyu, wadda suke kira kareta, ba ta fi kujerar mutum ɗaya ba, ya fara nuna mini. "Kin ga, wannan tseren ba irin namu ba ne na gida. Ita goɗiyar dole ne ta riƙe..."

Na ce, "Kai, dakata. Ni ban zo koyon doki ba. A gidan doki aka haife ni kafin a haife ka."

Muka yi ta ja har shayi ya huce. Ƙarshe shi ya kawo sharaɗin. Ya ce, "In Warda ba ta ci ba, wallahi zan bi ki. In ta ci, ki bar ni in cika shekarar." Na dubi Malam Sa'idu. Ya raɗa mini cewa shi dai yadda yake ji a wurin masu shayin unguwar, Ra'ad ɗin nan, wani akawal ne na mutanen wani ƙauye, tun da aka fara fito da shi ba a taɓa shan gabansa ba, kuma karonsu na baya Warda ƙurarsa kawai ta sha. Ni 'yar kasuwa ce, na ga ciniki. Na ce na yarda.

Kwanakin da suka rage ban ji daɗinsu ba. Kowace salla sai in ɗaga hannu in roƙi Allah ya kayar da ƙanena, in shafa, sannan in ji kunyar kaina. Haka na yi ta yi, ban fasa ba.

Ranar Juma'a da sassafe muka fita bayan gari, wani sabon titi mai faɗi a bakin hamada da motoci ba su fara bi ba. Maza ne cike, da babura da motocin ɗaukar dawaki da masu tallar shayi. Mata daga ni sai Hadiza. Dattawa suna zagaya dawakin suna duba ƙafafu, suna gardamar wanda ya rame da wanda ya huta. Na ga Ra'ad, na ce lalle addu'ata ta karɓu, don ƙirjinsa kaɗai ya yi biyun na Warda. Aka tafi da su can nesa inda za su taso, mu kuma muka tsaya kusa da inda aka ja farin layi.

Da farko ƙura kawai na hango da ƙarar babura. Can sai ga su. Ban taɓa ganin doki yana irin wannan tafiyar ba: ba sukuwa ba ce, sassarfa ce, amma mai saurin da ƙafafun ba sa ganuwa, kai a miƙe, baya ko motsi. Sauran an baro su. Akawal ɗin yana gaba, jar goɗiyar tana manne da ƙafar kekensa. Ga Laminu a zaune kan wannan 'yar kujerar, ƙafafu a miƙe, ya ja linzami har jijiyoyin hannunsa sun fito. Na ga tana matsowa. Ta kai cikin akawal ɗin, ta kai wuyansa.

Ni dai ban san lokacin da na manta da addu'ata ba. Abin da na gani kawai, ɗan gidanmu ne a tsakiyar Larabawa, kuma yana danne goɗiyar da ke son gudu. A filin sukuwar Maraɗi in naka ya taso haka, ba tsayawa ake yi ba, fita ake a yi masa kuwwa a kaɗa masa mayafi. Na fizge gyalena, na faɗa gefen titi ina kaɗa shi, na rangaɗa guɗar da tun bikin autarmu ban yi irinta ba. Na ce, "Sake ta, Laminu! Sake ta, ɗan Baba!"

Goɗiyar ta zabura ta watsa kunnuwa, ta ɓalle da sukuwa. Kafin ƙiftawar ido ta bar Ra'ad a baya, ta tsallake layin ita kaɗai.

Na juyo ina rawa ina neman wanda zan runguma. Sai na ga ba mai murna a ɓangarenmu. Ammu Sabri ya ɗora hannu biyu a ka. Mutanen akawal ɗin ne ke ta harba babura suna kabbara. Malam Sa'idu ya matso ya ce, "Yaya, rufa kanki mu koma gefe." Na ce, "Ba mu muka ci ba?" Ya ce, "Dokar tseren ke nan, duk dokin da ya bar sassarfa ya shiga layi da sukuwa ya faɗi, ko da ya riga kowa. Abin da Laminu ya so gaya miki ke nan rannan."

Rashin sani ya fi dare duhu. Na samu abin da na ƙetaro ƙasa biyu dominsa, amma ji na yi kamar na saci akuyar maraya.

A barga na sami Laminu yana goge wa Warda gumi. Na tsaya a bayansa na ce, "Laminu, ni ba na cin haram. Wannan faɗuwar tawa ce, ba taka ba. Na warware sharaɗin. Zan je in gaya wa Inna abin da na yi, ta yi mini duk hukuncin da ta ga dama." Wallahi na faɗi haka ne ban san da wane baki zan shiga gida ba.

Ammu Sabri ne ya amsa daga inda yake zaune, Malam Sa'idu yana juya mini. Ya ce, "Ya Hagga, kar ki ɗauki abin da ba naki ba. Doki yakan ɓalle, kowane matuƙi ya sani. Doka ta yarda ka ja shi ya koma sassarfa ka ci gaba, kuma akwai sauran fili. Warda ta sha ɓallewa a hannun yaron nan, taku kaɗan yake maido ta. Yau ina kallon hannunsa. Bai ja ba." Ya share gashin bakinsa da bayan hannu, ya juya fuska bango.

Na ce, "Laminu, gaskiya ne?"

Ya ci gaba da gogar wuyan goɗiyar. Ya ce, "Guɗarki irin ta Inna ce, Yaya. Da na ji ta, sai na ga in na ci, shi ke nan, ni da gida sai bayan shekara." Ya ƙara da cewa, "Ita ma tun da na san ta nake danne ta. Na ce bari ta yi gudunta sau ɗaya ina bayanta."

Sai da muka yi zirga-zirgar ofisoshi kafin a sallame shi, layi bayan layi, taga bayan taga. Ranar tafiya Ammu Sabri ya rako mu har filin jirgi da ƙafarsa mai ciwo, ya rungume shi yana kuka a gaban jama'a ba kunya. Mu a wurinmu namiji ba ya haka, amma ban ga laifinsa ba.

Da hantsi muka shiga gida. Inna ta ce a fito da shi tsakar gida inda rana take, ta sa ya durƙusa, ta kama kansa da hannu biyu tana juya shi a hankali, don ta gefen idon dama kaɗai haske ya rage mata. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Ka yi baƙi. Hancin dai na ubanka ne." Ta gan shi, jama'a. Wanda duk ya tambaye ni me na samo a Masar, wannan ne.

Yanzu yana koyarwa a wata islamiyya a unguwarmu, yara suna son shi. Takardun komawa kuwa an nema, shiru. Juma'ar da ta wuce na shiga gaida Inna da safe, na same su zaune a tabarma, ya riƙe waya, wani daga Giza yana nuna masa tseren kai tsaye. Ita yanzu ko hasken wayar ba ta gani, sai ƙarar babura da kofato take saurare. Da hayaniyar ta lafa ta ce, "Wa ya ci?"

Ya ce, "Ita ce, Inna. Ta ci akawal ɗin."

Ta ce, "To, madalla. Wa ya tuƙa ta?"

Ya kife wayar a kan tabarma, ya ce, "Wani ne."